Tatsuniyar Rana

Ikko, 1975

Yaya Hapsatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya Inna da ciwon ƙafarta? Yaya shanu? An samu ruwa a Kwandiko bana?

Ni lafiyata ƙalau, kada ku damu. An buga littafina na farko. Yanzu ina rubuta labarin wani gari da na ƙaga, mai rijiya a tsakiyar kasuwa, mutanensa ba su da inuwa.

Sai dai da rana nake rubutun. Kin tuna Inna tana hana mu tatsuniya da rana, wai mutum ɓata yake yi? Na ɗauka rubutu daban, faɗi da baki daban.

Kwanan nan ina yawan ɓata a hanyar gidana. Jiya da azahar na ɓulla wata kasuwa mai rijiya a tsakiya. Wata mai fura ta ce mini, "Malam Sada, kai muke jira ka ƙarasa mu." Na duba ƙasa, ba ta da inuwa.

Don Allah ki tambayi Inna makarin abin, ki aiko da wuri. Amma kada ki gaya mata tawa inuwar ta fara dusashewa.

Allah ya tsare mu.

Ƙaninki,
Sada