Maɓallin da Ya Raba Ka da Baba

Plovdiv, ranar Lahadi

Zuwa ga yayana Lyubomir,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Yaya Kalina da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya tsare ku daga sanyin Kanada. Mu ma nan lafiya. Gwaggo Nevena ta warke daga ciwon gwiwa, har ta tara mu mun gasa tattasai na ajiyar hunturu, gidan duk ƙauri.

Yaya, da fushi nake rubuta maka, ba zan ɓoye ba. Na ga sabon abin da ka ƙara a manhajar nan taku ta tsara rubutun lissafi: mutum ya ɗora alama kan umarnin da ya shige masa duhu, ya danna maɓalli ɗaya, bayani ya fito a gefe. Aiki ya yi kyau, ban ce bai yi ba. Amma wa ya aike ka rubuta a sanarwar da duniya ke karantawa cewa ka yi shi ne don tsoho irin mahaifinka ya daina kiranka kowace Lahadi yana tambayar yadda ake jan tebur, wato jadawali, a cikin rubutu? Abokan aikinka sun yi dariya, ko? To, Baba ma ya karanta, da tabaraunsa da ƙamus a gefe.

Kai da kake ji da kaifin kai, ashe ba ka da lura ko kaɗan. Mutumin da ya tsara littattafan lissafi na rabin malaman garin nan, wanda ya zaunar da kai a cinyarsa ya koya maka umarnin farko na manhajar, shi ne zai manta yadda ake jan tebur? Ni nake ganinsa ranar Asabar yana laluben tambayar da za ta yi tsawo, wadda zai yi maka washegari. Tun rasuwar Mama bai san yadda zai ce maka yana kewarka ba, kai ma ba ka taɓa sakin baki da shi ba sai a kan aiki. Wannan hanya ɗaya ta rage muku, ka zo ka toshe ta, har kana alfahari.

Yau ya zauna kusa da waya har shayinsa ya huce. Na ce ya kira ka mana, ya ce yaron yana da aiki, kuma ai yanzu komai yana cikin na'ura. Ya gwada maɓallin a gabana, ya ce ɗansa gwani ne. Wallahi da zagi ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kada ka turo mini dogon bayani. Ka goge layin nan daga sanarwar, ka ɗauki waya da kanka.

Ka gaishe da Yaya Kalina, da Boyan, da ƙaramar Yasna. Gwaggo Nevena tana gaishe ku. Baba kuwa, na tambaye shi ko yana da saƙo zuwa gare ka, ya ce a'a, ba shi da wata tambaya.

Ƙanwarka,
Radostina