Shirun da Ba Shiru Ba

Litinin, 3 ga Maris

Sababbin faifai sun sake tarar mini a teburin ofis, duk na kiɗan Turawa mai ƙara, rok da metal, kuma ran Alhamis sai na faɗa wa masu sauraron rediyo wanda ya kamata su nema. Na gaji tun kafin in fara. Irin kiɗan nan mai dogon zango, waƙa ɗaya ta isa mutum ya yi aski ya dawo ba ta ƙare ba. Amma ƙa'idata tana nan tun ranar da aka ba ni shirin: ba na yabon faifan da ban saurara da kunnena daga farko har ƙarshe ba. Manaja ya ce ni kaɗai na rage a duniya mai wannan wahalar da kai. Wataƙila.

Talata, 4 ga Maris

Biyu na ji yau. Na farko metal ne zalla, mai gangar kamar ana binsa bashi, mawaƙin kuma gurnani kawai. Na biyun, mai hoton tsani a bangonsa, shi ya tsayar da ni. A waƙa ta huɗu suna ta rugugi, sai kwatsam komai ya ɗauke. Shiru mai tsawo, ba ka jin komai sai wani ɗan amo can ƙasa-ƙasa, sannan jita ta dawo. Tsikar jikina ta tashi. Wannan zan sa a gaba.

Laraba, 5 ga Maris

Maman yara ta ce sau uku ta kira ni daga kicin ban amsa ba. Na ce tunani nake. Ta ce, "Tunanin nan naka kullum ta ɓangaren hagu yake kama ka."

Alhamis, 6 ga Maris

Shiri ya tafi daidai. Na yabi mai tsanin har bakina ya bushe. Na ce a zamanin da kowa ke tsoron barin daƙiƙa ɗaya babu ƙara, ga mutanen da suka yi ƙarfin halin yin shiru a tsakiyar waƙa. Ban sa waƙar ba, ta fi ƙarfin lokacinmu. Injiniya, mai kula mana da na'urori, ta ɗago kai ta bayan gilashi ta dube ni wani iri. Ni da ita dama ba ma shiri a kan kiɗa, ta fi son masu gurnanin nan.

Asabar, 8 ga Maris

Kwana biyu wata ƙara nake ji a kunne, kamar firji. Ba ta tafi ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Ban san ta ina zan fara ba.

Mun buɗe layi, sai ga Mai Walda, wanda bai taɓa fashin kira ba. Ya ce ya nemi faifan saboda ni, ya ji daɗinsa ƙwarai. Sai ya ce, "Amma Malam, wane shiru kake nufi? Wajen da matar nan take waƙa da sarewa? Ai nan ne ma ya fi ko'ina daɗi." Na yi dariyar da ba ta da gindi, na ce layi ba ya kyau, Injiniya ta cece ni da talla.

Bayan an tashi na ce ta sa mini waƙar. Na sa hedifon, wurin ya zo, shiru kamar yadda na sani. Ta zagayo ta cire shi daga kaina ta juya, na hagu ya koma dama. Sai ga mace tana rerawa a hankali, sarewa na bin ta. Ashe masu haɗa faifan gaba ɗaya suka tura su ɓangaren hagu, kamar yadda masu irin wannan kiɗa suke son yi. Ni kuwa na zauna a gaban makirufo ina yabon kurmancina.

Ta ce, "Yaya, tun makon jiya na so in faɗa maka. Nauyi na ji." Na ce ta kashe. Kunya ta ishe ni, tsoro kuma ya fi kunyar.

Juma'a, 14 ga Maris

Ban je ofis ba. Na kwanta ina lissafin faifan da na yaba a bara, da waɗanda na kushe na ce ba su da ciki. Rabin nawa na ji?

Talata, 18 ga Maris

Asibiti. Ɗan ƙaramin ɗaki mai bangon soso, sak situdiyonmu, har abin ya ba ni dariya. An ba ni maɓalli in danna duk lokacin da na ji sauti. Da aka zo hagu na zauna riƙe da shi kamar wawa. Likita ta ce wannan kunnen ya tafi, ba ya dawowa. Na daman ma ya kama hanya, kuma in ban daina ɗura masa ƙara ba zai bi ɗan'uwansa. Na ce mata aikina ke nan. Ta ce, "To ka zaɓa, ko aikin ko muryar jikokinka." Ba ta ko sassauta murya ba.

Laraba, 19 ga Maris

Na yi dabara: in ji faifai sau biyu, ina juya hedifon, da ƙaramar murya. Na gwada da wani sabo. Metal a hankali kamar shayi ne ba zafi. Kafin in kai rabi kunnen ya fara kuka, na cire. Maman yara ta shigo ta same ni zaune da wayar a cinya. Ba ta yi mita ba, da ma ta yi.

Alhamis, 20 ga Maris

Na maimaita tsohon shiri. Na ce wa Manaja mura.

Litinin, 24 ga Maris

Injiniya ta tare ni a matakala. Ta ce akwai wani faifai da ya fito, 'yan mata biyu da wani dattijo mai ganga, waƙa uku kacal amma ya cika awa. Ta ce farkonsa gurnani ne, irin wanda na tsana, amma daga baya yana buɗewa, gangar ta riƙa tafiya a karkace har sai ƙafarka ta rasa inda za ta taka, sannan a ƙarshe komai ya haɗu. Tana magana hannuwanta na ta yawo. Na ce ba na yabon abin da ban ji ba. Ta ce ta sani, labari kawai take ba ni.

Ta iya bayani, wannan kam. Ban faɗa mata ba.

Alhamis, 27 ga Maris

An yi shiri. Makogwarona ne ya ɗan bushe, shi ya sa na yafito Injiniya ta shigo ta zauna a ɗayar kujerar, ba wani abu ba. Ta yi bayanin faifan 'yan matan nan, muryarta na rawa da farko, sannan ta miƙe. Mai Walda ya kira, ya ce, "Malam, kai ma ka yarda da shi? In nema?" Na ce, "Ka nema."

Da ta sa wani yanki na waƙar ƙarshe na cire hedifon na ajiye a tebur. Na ga allurar na'ura tana tsalle, na ga Injiniya ta rufe ido tana kaɗa kai. Can wajen ƙarshe ta yi murmushi, ina jin nan ne wajen da komai yake haɗuwa.

Na ce mata mako mai zuwa ta zo da wuri. Kujerar nan tana ƙara, sai an canza ta.