Damon Ɗakin Saudatu

Tungar Daji, Anka
12 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Yaya Isma'ila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hure da yara, kuma ruwa bai ci maka shinkafa ba. Tunda anka rufe layukan waya ban ji muryar kowa nawa ba, shi ya sa na ɗauko biro. Ubaidullah direba zai miƙa maka takardar.

Na fita takaba makon jiya. Mata sun zo, an yi addu'a, an watse. Gidan ya koma ni kaɗai, sai damona Baƙo. Kuma maganarsa ce ta sa na rubuto, don haka kada ka yi dariya, na san halinka.

Damon nan ba shi da lafiya. Kwana tara rabonsa da abinci. Na kawo masa ƙwai da fara, har katantanwa na sa an nemo, ko kallonsu bai yi ba. Yana kwance ya ɗaga kai sama, baki buɗe, kumfa na fita ta hancinsa. Na share, ta dawo. Na yi masa hayaƙin habbatus-sauda, na dafa ganyen dogon yaro na ajiye kusa da shi ya sha tururi kamar yadda Inna ke yi mana in mura ta kama mu. Babu sauƙi.

Abin da ya fi damuna shi ne numfashinsa. Da azahar, in gari ya yi tsit, ina tsakar gida nake jiyo shi daga cikin ɗakin: ya ja da ƙyar, ya tsaya, ya saki da wata 'yar ƙara siririya. Yaya, na san ƙarar nan. A ɗakin nan na taɓa jin ta, a wannan lokaci na rana, shekara goma sha ɗaya da sunka wuce. Jiya na tsinci kaina a bakin ƙofa da kofin koko a hannu, ban san sadda na dama shi ba.

Ba sakaci na yi ba. Ɗakin siminti ne, sau uku a rana nake goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, ƙofa a rufe, taga a toshe. Duk tsawon takabata ƙura ko ƙanƙani ba ta taɓa shi ba.

Na ji kana da aboki malamin dabbobi. Don Allah ka tambayar mini shi.

Ƙanwarka,
Lubabatu

*

Gummi
16 ga Satumba, 2021

Luba,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Hure na gaishe ki. Shinkafa tana nan, ruwa ya leƙo fadama ya koma.

Kin ce kada in yi dariya, to na yi, amma a layin farko kawai. A duniya ke kaɗai na sani da ke jinyar damo da ƙwai. Nan Gummi da tuni ya sha yaji, har Hure ta ce a tambaye ki ko ya yi kitse. Da na kai wajen kofin koko sai na ninke takardar na fita waje, ban ƙarasa ba sai bayan la'asar.

Ki saurare ni. 'Yarki Saudatu tana wajen Ubangijinta, mijinki Audu ma ya same ta. Abin da ke ɗakin nan dabba ce, kuma ke ma kin sani. Ba na son zamanki ke kaɗai kina sauraren bango. Ki rufe gidan ki taho, ɗakin Inna yana nan babu kowa. In kin ce sai da damon, a sako shi a buhu, na yarda yara su mai da ni abin tsokana.

Abokin nawa sunansa Francis, yana Bukkuyum. Na aika masa takardarki yadda take, domin in na ce zan bayyana masa ciwon damo da bakina shirme zan yi. Ki gafarce ni, ya karanta har abin da ba nasa ba. Mutumin kirki ne, shi ya ceto mini shanun huɗa bara.

Allah ya ƙara haƙuri.

Yayanki,
Isma'ila

*

Bukkuyum
20 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Malama Lubabatu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina yi miki ta'aziyyar maigidanki, Allah ya ba ki haƙurin rashi. Malam Isma'ila ya aiko mini da wasiƙarki.

Alamomin da kika lissafa na ciwon huhu ne. Damo ba ya iya yin tari, shi ya sa majina ke taruwa har ya riƙa ɗaga kai yana buɗe baki. Ya kamata a yi masa allura, amma sai na auna nauyinsa, kuma kin san yadda hanya take a kwanakin nan. Kafin in samu zuwa, ga abin da za ki yi.

Ki daina hayaƙi da tururi, suna ƙara shaƙe shi. Kada ki ɗura masa ruwa ko abinci a baki, zai wuce cikin huhu. Ki ajiye masa ruwa a faranti kawai.

Babban abu shi ne ɗumi. Jikin damo ba ya yin zafi da kansa kamar namu, daga rana yake samu. In jikinsa ya yi sanyi ba ya iya narkar da abinci, ba ya iya yaƙi da cuta. Siminti mai laima a rufaffen ɗaki, cikin damina, shi ne ya kwantar da shi. Ki fitar da shi rana tun hantsi, a wurin da akwai inuwa kusa, in ya ji zafi ya matsa da kansa. Sannan yana buƙatar ƙasa mai zurfi wadda zai tona ya shige. In ya shige kada a tono shi.

Na san abin da nake roƙonki ba ƙarami ba ne. A shekarar gubar dalma ina cikin matasan da aka ɗauka aikin kwashe ƙasa a ƙauyukanku. Ni ne nake bi gida-gida ina cewa a jiƙa tsumma a goge ɗaki, kada a bar yaro ya zauna a ƙasa. Wataƙila ma daga bakina kika ji. Gaskiya muka faɗa, kuma ta ceci yara da yawa. Akwai gidajen da muka shiga muka tarar babu sauran yaron da za a hana zama a ƙasa, duk da haka muka yi bayanin har ƙarshe, domin shi aka aiko mu yi. Har yau ina tuna fuskokin matan da suka saurare mu.

Abin da ke kare yaro shi ke kashe damon nan. Ki fitar da shi.

Naki cikin girmamawa,
Francis

*

Tungar Daji
25 ga Satumba, 2021

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Takardar abokinka ta iso. Ka yi masa godiya, na daina hayaƙin. Sauran maganar ba zan iya ba.

Ya ce in sa shi a ƙasa. Wace ƙasar? Kai kana Gummi lokacin, labari ka ji, sai jana'iza ka zo. Ni ce na daka dutsen zinarin nan a turmina, a tsakar gidan nan, turmin da nake daka hatsi. Malam maigidana na kawowa a buhu, ni ina dakawa, yarinyar tana zaune gefena tana gina ɗaki da garin, tana sa hannu a baki. Har daɗi nake ji ta samu abin wasa ba ta dame ni ba. Shekararta huɗu. Da jijjiga ta kama ta munka ce iska ce, munka yi ta hayaƙi. Kwana uku tana wannan numfashin.

Da masu aiki sunka zo kwashe ƙasar gidan, ɗaya ya ɗaga shebur a bakin ɗakinta sai ga ɗan damo, bai kai tsawon ludayi ba. Zai jefa shi cikin buhun gubar, na riƙe masa hannu. Na wanke shi da sabulu na kai shi ɗakin. Ban taɓa cewa ita ce ba, ban haukace ba. Amma shi kaɗai ne abin da ya fito da rai daga ƙasar nan. Ciki biyu na yi bayanta, duk sun zube.

Sun ce sun zuba mana sabuwar ƙasa mai kyau. To ai tsohuwar ma kyakkyawa ce a ido. Ni tun ranar ban sake taka tsakar gidana babu takalmi ba.

Kuma ka tambayi malamin naka: in siminti ke kashe damo, yaya Baƙo ya shekara goma sha ɗaya a kansa yana ƙiba? Ko gona da Malam ke zuwa da shi don ya ci fara, a cikin kwando yake zuwa, a kan tabarma yake wuni. Alkawari Malam ya yi mini, kuma bai taɓa dawo da shi da ɗigon ƙasa a jiki ba.

Jiya maƙwabciyata ta shigo, ta tsaya ta kasa kunne, ta ce, "Luba, wa ag ga ɗakin ga? Wanga nishi ba na dabba ba na." Na ce ta fita. Yau ƙarar ta ƙaru, har bakin zaure ana ji.

Gummi kuma ba yanzu ba. Ba na barin mai ciwo a ɗakin nan in tafi, ba na kuma jijjiga shi a mota.

Lubabatu

*

Gummi
29 ga Satumba, 2021

Ƙanwata Luba,

Bayan sallama. Yau babu tsokana. Akwai amanar da na riƙe, na kwana biyu ina juya ta, na ga in na ci gaba da riƙo zan cuce ki.

Shekara uku da suka wuce na zo muku, na bi Audu gona. Muna isa ya kife kwandon nan a gindin wani suri. Damon ya fito ya baje a rana kamar mai gidan wurin, can ya shige wani rami da na ga alama ya daɗe da saninsa. Na ce, "Audu, Luba ta san da wannan?" Ya ce, "Ba ta sani ba, kuma kak ka hwaɗa mata. Shekarar hwarko da nib bi maganatta, saura kaɗan shi mutu. Ita ba ta iya ganin shi ga ƙasa, shi ko ba ya rayuwa sai da ita. To ni ka ɗaukar zunubin."

Da yamma ya jira shi ya fito, ya kai shi rafi ya wanke shi tas, har ƙarƙashin farce yake bi da tsinke. Ya goge shi da hularsa, ya mai da shi kwando. Haka yake yi kullum, shekara goma. Ya ce mini shi ne fa ya riƙa kawo dutsen nan gida, ke dakawa kawai kika yi, amma bai taɓa samun bakin gaya miki ba.

Kin ga ke nan tun da Audu ya kwanta cikin azumi damon bai sake ganin rana ba. In za ki yi fushi ki yi da ni, shi ya riga ya tafi.

Na ba Ubaidullah buhu uku. Ƙasa ce daga tudun gonata, sama da gulbi, inda ba a taɓa niƙa dutse ba. Da hannuna na ɗiba, na tankaɗe, na shanya ta kwana biyu. A kanta 'ya'yana suka yi rarrafe. Ki sa a juye ta inda rana ke fara sauka.

Ban ce zai tashi ba, Luba. Francis ma bai ce ba.

Yayanki,
Isma'ila

*

Tungar Daji
4 ga Oktoba, 2021

Yaya,

Sallama. Buhunan sun iso. Ban yi fushi da kowa ba. Na ɗauko hular Malam na duba, duk gefenta ya cinye.

An juye ƙasar a gindin katangar yamma. Ranar Juma'a da hantsi na ɗauko shi, ba nauyi. Na tsaya da shi a hannu har rana ta fara cizo, sannan na ajiye shi. Ya daɗe bai motsa ba. Wajen azahar ya fara tona, yana yi yana hutawa, ni ina zaune ina kallo har ƙasa ta rufe kan wutsiyarsa.

Yau kwana uku. Ƙarar ta ɗauke, gidan shiru. Ko sauƙi ne, ko ɗayan ne, ban sani ba, kuma ban tona ba. Ina canza ruwan faranti kowace safiya. Takardar nan ma a kan ƙasar nake rubuta ta, takalmina na can bakin ɗaki. Da ɗumi.

Abu ɗaya nake so ka gaya mini, tunda mu mata ba mu zuwa, kuma kai ka shiga ramin ka karɓe ta. Inda kunka kwantar da Saudatu, rana tana samun wurin?

Ƙanwarka,
Lubabatu