Na Taɓa Ƙwaƙwalwar Motarka, Yaya

Zuwa ga yayana, marigayi Iliyasu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina fatan kana cikin ni'imar Ubangiji. Mutanen gida lafiya lau suke, in ban da Inna. Dalilinta ne ma na zauna rubuta maka wannan.

Bayan rasuwarka Inna ta zame bakin rijiya, ƙashin ƙugunta ya tsage. An yi mata aiki, amma dole a riƙa mai da ita asibiti ana dubawa. Daga Ƙarofane zuwa bakin kwalta kuwa ka san hanyar, dutse bisa dutse. Abin ɗaukarta ɗaya gare mu: a-kori-kurar da ka bar mini.

To kai ma ka san abin da ka yi wa motar nan. Kai ka kai ta garejin abokinka Bulus a Madawa, ya jona ordinatar, wato kwamfuta, ya gyara ƙwaƙwalwar injin yadda ko hura totur ka yi sai ta zabura. Don hawan tudun Buza da buhunan albasa, in ji ka. Ƙarya kake, Yaya, son burga ne. Kullum maganarka: "Motar da ba ta zabura, jaka ce."

Albasa ba ta kuka. Inna ma ba ta yi, amma duk fizgar da motar ta yi, ina ganinta tana cizon bakin mayafinta, gumi na keto mata. Wallahi sai in ji kamar ni nake dukanta.

Ba dabarar da ban yi ba. Na tuɓe takalmi na riƙa taka totur da babban yatsa. Na cusa soso ƙarƙashinsa, ya maƙale, saura kaɗan mu shiga gonar dawar wani. Na loda buhunan rairayi a baya ko nauyi ya sa ta natsu. Ina! Halin mai ita ta ɗauko.

Da na yi wa Inna zancen a sassauta ta, sai ta ɗaure fuska. Ta ce a bar mota yadda mai ita ya bar ta. Hularka na nan rataye inda ka aje, butarka ma ba mai taɓawa. Ta gwammace ciwon da a goge hannunka daga wani abu. Na rasa yadda zan yi: in bi maganarta ƙashi ya ƙi haɗewa, in saɓa mata in ƙara mata wani ciwon.

Ranar kasuwar Madawa na tahi wurin Bulus ban gaya wa kowa ba. Da ya ga motar nan take ya gane ta, na gaya masa halin da Inna ke ciki. Ya jona waya ƙarƙashin sitiyari, ya nuna mini layin da ke nuna zaburar motar a fuskar ordinatar, tsaye cak kamar bango. Ya ce aikinka ke nan, kana tsaye kansa kana cewa a ƙara. Ya riƙa kwantar da layin sannu-sannu. Ƙarfin na nan bai ragu ba, sai dai yanzu a hankali yake zuwa. Munka aza ƙwaryar ruwa bisa kujera munka zagaya gari, ko ɗigo bai zuba ba. Bulus ya juya yana share ido, wai hayaƙi ne.

Ranar komawa asibiti na taka totur. Motar ta tashi lumui. Inna ta dube ni, ta dubi ƙafata. Kafin mu fita duwatsu barci ya ɗauke ta, kanta jingine da kafaɗata.

Sai bakin asibiti ta farka. Na shirya shan faɗa. Sai ta ɗora tafinta bisa sitiyari tana shafawa. Kai ɗan fari ne, tunda nake ban taɓa jin sunanka a bakinta ba, kullum "wancan" ko "mai motar". Ranar nan ta ce: "Iliyasu, yi haƙuri. Ƙashina ne ya gaji."

Sannan ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da anka ɗauke ka. Ban hana ta ba, ni ma nawa nake yi.

Allah ya jiƙan ka, Yaya, ya sa kabarinka ya zama dausayi, ya sassauta maka yadda za ka so a sassauta wa Inna da kana nan. Ita kuma Allah ya tashi kafaɗunta. Amin.

Ƙanenka mai kewarka,
Rabi'u