Dawakin da Yaya Hauwa ta shafe

Laraba da dare, Lewisham, Landan

Na dawo daga aiki na tarar Yaya Hauwa, yayar mijina Sadik, ta sauke hoton tseren dawakin da ke bangon falo. Ta cire shi daga firam, ta bi kawunan dawakin da na mahayansu da baƙar tawada, ɗaya bayan ɗaya. Kwananta huɗu kacal a flat ɗinmu.

Malamata ce ta ba ni shi ranar da na gama koyon ɗab'i a wurinta. Tsohon aikin Faransa ne, a kan dutse aka zana shi kafin a buga a takarda, kowane launi da nasa dutsen: koren ciyawa daban, jar rigar mahayi daban.

Na ce, "Yaya, ina laifin ki tambaye ni?"

Ko kallona ba ta yi ba. "Taimakonki na yi. Mala'iku ba sa shiga gida mai hoto, balle hoton caca." Ita da wayarta ke cike da hotunanta!

Sadik kuwa cewa ya yi, "Ki yi haƙuri, takarda ce fa." Wallahi wannan ta fi yi min ciwo. Na gwada gogewa da auduga, tawadar ta riga ta kama.

Ɗazu ta ƙwanƙwasa ƙofa, wai gobe in fasa zuwa aiki in raka ta Stratford sayayya. Na ce ƙaninta ya kai ta. Shekara shida da aure ban taɓa ce wa dangin miji a'a ba sai yau, kuma ban ji komai ba.