Igiyar Maruƙan Kawu

Litinin, 4 ga Maris, 1974

Na je rugar Kawu Manu, yayan Inna, a bayan Ɗanzomo. Shekara uku rabona da ita. Na tafi da kyamara, don maganar Malam Hussaini, wanda ya koya mini aikin hoto a Kano, ta ƙi barin kaina: ka nemi layi, hanya ko katanga ko igiya, wanda zai ja idon mai kallo zuwa inda kake so.

Na samu kuwa! Dangwali, doguwar igiyar nan mai maɗaurai da ake ɗaure maruƙa, a miƙe daga turke zuwa turke, Kawu na zaune a can ƙarshenta da maruƙa biyu. Na kwanta rub da ciki a ƙasa na ɗauka. Bai sani ba. Na dawo ina jin kaina kamar wani.

Asabar, 9 ga Maris

Na wanke fim ɗin. Ban taɓa yin hoto irinsa ba. Igiyar ta taso daga kusurwar ƙasa, ta kai ido har fuskar Kawu. Na yi babba na kafa a ƙofar shagona, kowa a Gumel ya gani.

Alhamis, 14 ga Maris

Barau dillalin shanu ya tsaya a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Maigatari. Ya daɗe yana kallon hoton yana motsa baki. Na ɗauka yabo ne ke tafe. Ashe ƙirga yake yi.

Ya ce, "Ba Manu ba ne wannan? Af, to!"

Juma'a, 15 ga Maris

Inna ta aiko in zo. Ko amsa gaisuwata ba ta yi ba.

Tun farin da aka yi bara shanun Kawu suka ƙare, saura huɗu. Shi kuwa yana gaya wa mutane garken na kudu tare da ɗansa Cindo. Amma in garke ya tafi, da dangwalinsa yake tafiya. Duk makiyayin da ya ga igiyar a gida da maɗaurai ba kowa, ya gama sanin komai. Jiya Barau ya baza a Maigatari.

"Kai da karatunka ba ka ga haka ba? Me ka gani to?"

Na ce layi. Wallahi abin da na ce ke nan, layi.

Asabar, 16 ga Maris

Na cire hoton. Bayan me.

Talata, 19 ga Maris

Na kai masa hoton da fim ɗin, ya ƙona in ya so. Tun a mota nake shirya magana, da na durƙusa a gabansa sai kawai na miƙa masa su. Inna Mairo, matarsa, ta ajiye mini nono ta juya ba ta dube ni ba.

Kawu ya riƙe hoton nesa da ido. Sai ya ɗora yatsa a maɗaurin farko. "Nan ɗan Wule." Ya matsa. "Nan 'yar Saige, mai gardama." Haka ya bi igiyar, maɗauri bayan maɗauri, har ashirin da shida, kowanne da sunan uwarsa da inda ta faɗi. Muryarsa ba ta rawa. Tawa ce da ta yi.

Da ya gama ya ce, "Ka iya aikinka, ɗan ƙanwata. Da dai ka tambaye ni."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya sa hoton a aljihu, ya miƙo mini fim ɗin. Ban san me zan yi da shi ba.

Alhamis, 28 ga Maris

Maigatari. Ba wani aiki ya kai ni ba, na dai je. A gindin tsamiyar da Kawu ke zama da tsaransa duk ranar kasuwa, shekara talatin in ji Inna, na tarar da su ban da shi. Mako na biyu ke nan. Sun matsa mini wuri, ba wanda ya yi zancen, ni ma na sunkuyar da kai.

Can wani tsoho ya shigo da shanu ramammu guda bakwai, a jere ɗaya bayan ɗaya, shi yana biye da su a hankali. Hannuna har ya kai jaka. Na bar kyamarar a ciki.

Na ce wa kaina hasken ne bai yi ba. Hasken ya yi.