Sabon Kaset Ɗinku a Kunnen Inna

Ƙanena Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ya zaman Yamai, ya iyali? Mu nan lafiya lau.

Ka tambayi yadda mutanen nan Gaya suka karɓi sabon kaset ɗin ƙungiyarku ta mawaƙa. Masoyanku sun rabu. Idi direba ya ce kun yanke wa gita farce don sojoji su sa ku a radiyo. Ni ma na fi son tsohon amonku mai kaushi. Amma Inna, wadda ta taɓa ɓoye maka gita a rumbu, jiya tana tsintar shinkafa ta sa na maimaita mata kaset ɗin. Ta ce, "Sai yanzu nake jin abin da yaron nan yake faɗa."

Ka gaida Hadiza. A sa mu a addu'a.

Yayanka,
Musa